Daga Sabon Birni zuwa Tsibiri da Damagaram: Shirin buɗe ido a ƙasar da ake zaton an sani

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Ya bi ta Jibiya ya faɗa Nijar, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ta wajen Sabon Birni ya zuba a Rima. Mutanen da ke noma a bakinsa, ta can da ta nan, harshensu ɗaya, zanen fuskarsu ɗaya, suna aurayya, suna cin kasuwannin juna. Shi ya sa idan ka ce wa Bagobirin Sabon Birni ko mutumin Isa Nijar ƙasar waje ce, sai ya yi maka dariya. Wa ba shi da gwaggo a Bangi, ko abokin ciniki a Gidan Rumji?

Amma zuwa biki ko ta'aziyya a ƙauyen da ke bayan iyaka daban, shiga cikin ƙasar don ganin gari daban. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko ɗalibin da ya tara ɗan abin da ya tara, yana son ya fita yawon buɗe ido karo na farko, a ganina babu inda ya fi masa dacewa ya fara kamar Nijar. Ba ta buƙatar jirgi, ba ta buƙatar tafinta, abincinta nasa ne. Sai dai wannan kusancin shi ne tarkon. Wanda zai tafi Masar ko Dubai yakan yi wata guda yana tambaya. Wanda zai tafi Maraɗi sai ya saka hula ya hau mashin. Yana wuce ƙauyukan da aka san ubansa, sai ya tarar da wata hukuma, wani kuɗi, wani tsari, da jandarman da bai damu da kakan wa ya fito daga Alƙalawa ba.

Abin da zai kai Bagobiri can

Rabin tarihin Gobir yana wancan ɓangaren. Kufan Alƙalawa, birnin Bawa Jangwarzo, yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci birnin, Sarki Yunfa ya faɗi. Gobirawa suka yi ta fafutukar komowa har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su, aka kashe Sarkin Gobir Ali. Bayan nan ne Sarki Mayaƙi ya tattara waɗanda suka rage ya kafa Tsibiri, dab da Maraɗi, inda sarakunan Katsina da aka kora suka riga suka zauna. Sabon Birni kanta daga Tsibiri ta fito: rikicin gidan sarauta ne ya sa Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa ta, ya yi sulhu da Sakkwato. Yau akwai Sarkin Gobir a Tsibiri, akwai a Sabon Birni, akwai a Isa. Idan aka ƙara nausawa arewa, wajen Dakwaro, ga kufan Birnin Lalle, inda Gobirawa suka zauna kafin su gangaro kwarin Rima.

Layin da ya raba waɗannan garuruwa Ingila da Faransa ne suka shata shi, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka bi da kafa turaku. Har yanzu akwai tsofaffin da idan za su ƙetara sukan ce za su Faransa. Matasa suna dariyar wannan, amma tsohon ya fi su gaskiya ta wani wajen: ya san cewa in ya ƙetara, doka ta canza.

Tambayar farko: ta ina?

Littattafan jagorar matafiya na Turawa sukan fara da otal da wuraren kallo. Mutumin gabashin Sakkwato kuwa da hanya zai fara, domin wurin da ya fi hatsari a duk tafiyar yana iya zama cikin ƙasarsa, kafin ma ya ga tutar Nijar. Ba wanda ya manta da motar fasinja da 'yan bindiga suka ƙone a Gidan Bawa a Disamban 2021, mutum fiye da 20 suka mutu a ciki. Ba wanda ya manta da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka sace a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato a Yulin 2024, aka kashe shi a watan Agusta. Dubban mutanen wannan yanki suna zaune a jihar Maraɗi ba don buɗe ido ba, gudun hijira ya kai su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Duk wanda ya je can da kyamara da sababbin kaya, ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Saboda haka ranar tashi ba kalanda ce ke tsayar da ita ba, labarin hanya ne. A tasha ake samunsa, wurin direbobi da 'yan kamasho, da safiyar ranar, ba na jiya ba. In aka ce hanya ba kyau, sai a koma gida a sauke jaka. Ba a tashi da asuba kafin motoci su fara bi, ba a yarda magariba ta riski mutum a tsakanin gari da gari.

Sai batun ƙofa. Ta kan taswira Gidan Rumji tana nan kusa, kuma 'yan kabu-kabu sun san hanyoyin daji da za su sauke ka a can kafin azahar. Ga wanda zai je ya gaida dangi ya juyo, haka aka saba. Ga wanda zai kwana a Maraɗi ya zarce Damagaram, wannan gajeriyar hanyar ita ce mai tsawo, domin zai shiga ƙasa babu hatimin shiga, kuma a kowane shinge sai ya yi bayanin ta inda ya ɓullo. Ƙofar da ta fi sauƙi ga mutumin Sakkwato ita ce Illela, kimanin kilomita 85 arewa da birnin, wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni. Akwai kuma ta Jibiya zuwa Ɗan Isa ga wanda ya biyo ta Katsina. Zagaye ne, gaskiya, mutum ya tafi Sakkwato, ya haura Illela, sannan ya juyo gabas ya bi ta bayan garinsu. Amma daga Ƙonni kwalta ce, babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi Malbaza mai masana'antar siminti, Galmi mai albasa, Madawa, Gidan Rumji, Tsibiri, ta shiga Maraɗi. Akwai manyan motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM da SONEF, masu tikiti da lokacin tashi. Wanda ya saba da jiran mota ta cika ya kula: waɗannan ba sa jiran kowa, gara a yanki tikiti tun jajibere.

Kada sabon matafiyi ya tafi da motarsa a karon farko. Takardar duwan, wato kwastan, ta shigar da mota, da inshora, da tambayoyin shinge, sun isa su cinye masa kwana ɗaya da rabin guzuri. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai canza lissafin mutanen Kano da Katsina ranar da ya fara aiki. Mu na gabashin Sakkwato dai sai mun kai kanmu inda yake.

Takardu

Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta bai wa ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. Wannan ne ya sa mutane suka sangarce. Abubuwa sun motsa tun daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawar da Shugaba Mohamed Bazoum. An rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, ba a sake buɗewa ba sai a Maris 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS baki ɗaya. Ƙasashen uku sun sanar cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, amma yanzu wannan alfarma ce da suka ga dama suka yi, suna kuma iya sauya ta. Ƙari a kan haka, a Disamban 2024 Janar Abdourahamane Tiani, wanda ya karɓi mulki bayan juyin, ya fito a talabijin, da Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don hargitsa ƙasarsa, har ya ambaci dazukan jihar Sakkwato. Najeriya ta musanta. Ko ma dai mene ne, saurayin da ya ce daga Isa ko Sabon Birni ya fito, ya sa ran za a dube shi sau biyu.

Maganin wannan shi ne fasfo, mai sauran kwana, wanda ake yi a ofishin shige da fice na Sakkwato. Katin zaɓe ko takardar NIN na iya wuce da kai a kasuwar bakin iyaka, amma ba su ne takardar tafiya ba. A nemi fasfo da wuri, ba sati ɗaya kafin tafiya ba. A sa a buga hatimin fita a ɓangaren Najeriya da na shiga a ɓangaren Nijar, a duba kwanan watan da aka buga kafin a bar wurin. A yi hoton shafin farko a ajiye ɗaya a gida, ɗaya a aljihun da ba na fasfo ba. Kafin a tashi, a tambayi abin da ake ciki a ofishin shige da fice na Illela, ko ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano, domin ƙa'idar bara ba lallai ce ta bana ba.

Na biyu shi ne katin rigakafin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Akwai masu sayar da katin ba allura. Wanda ya saya ya cuci kansa sau biyu: ba shi da kariya, kuma katin Najeriya na yanzu yana da lambar da ake iya tantancewa. Tun da lokacin sanyi da iska shi ne lokacin sanƙarau a duk wannan yanki, ba laifi a tambayi ma'aikatan lafiya batun rigakafinsa shi ma. Mai tafiya da iyali ya sani cewa kowane yaro yana buƙatar takardarsa.

Lissafin jika da dala

Nan ne baƙo ya fi shan kunya. Kuɗin Nijar sefa ce, wadda aka ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 a yuro ɗaya, don haka ba ta rawa irin ta naira. Tun bayan da aka saki naira a Yunin 2023 ta yi ta zubewa, har a 2024 sefa 1,000 ta haura naira 2,000. Dattijon da ya yi zamanin da ake shiga Maraɗi da naira ana facaka, shawararsa a kan kasafi ta tsufa. Yanzu Nijar ba ta da arha ga ɗan Najeriya.

Sannan a kasuwa ba da faran, wato sefa ɗaya-ɗaya, ake ƙirga ba, da dala ake yi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Mai shayi ya ce maka ashirin, faran 100 yake nufi. Hamsin ita ce 250. Ɗari ita ce takardar 500. Jika ita ce 1,000, jika goma ita ce babbar takardar 10,000. Wanda bai riƙe wannan ba zai miƙa kwabbai a inda ake jiran takarda, ko ya yarda da ciniki yana murna sai wurin biya ido ya raina fata. A zauna da ɗan canji a Illela ko Ƙonni a ƙirga a hankali, a nemi ƙananan kuɗi da yawa, domin canjin jika goma wahala gare shi a wurin mai kabu-kabu.

Kada a dogara da katin banki. A riƙe tsabar kuɗi, a raba su gida biyu ko uku. In guzuri ya yanke, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana suna da ofis kusan a kowane gari, kuma 'yan canjin iyaka sun san yadda ake haɗa naira da su. Kuɗin komowa a ware shi tun daga gida, a manta da shi. Layin waya kuma a sayi na can, Airtel ko Moov ko Zamani, da fasfo ake rajistarsa.

Kwana biyar ko mako guda

Kuskuren sabon matafiyi shi ne haɗama. Ya ji labarin hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, ya ji raƙuman dawan Kure, ya ji gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, sai ya so ya haɗa duka a tafiya ɗaya. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa. Daga Maraɗi zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 600. A karon farko, Tsibiri da Maraɗi da Madarunfa sun isa, in akwai sauran kuɗi da ƙarfi a ƙara da Damagaram. Lokacin da ya fi kuwa bayan kaka ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A tafi da bargo da rawani. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, ba wanda zai ji daɗin yawo.

Tsibiri ba gari ne na manyan gine-gine ba, kuma wanda ya je neman abin ɗaukar hoto zai ce bai ga komai ba. Abin gani a can fada ce da mutanenta: tsarin sarautun Gobir da aka riƙe tun Alƙalawa, da matsayin Inna, wadda take daga gidan sarauta kuma uwar 'yan bori, da maroƙa da makaɗan da ke riƙe da jerin sarakuna a ka. Ba a faɗa wa fada kai tsaye. A nemi wanda zai yi iso, a cire takalmi, a yi gaisuwa yadda ake yi a gida, a faɗi garin da aka fito da gidan da aka fito. Bagobirin da ya yi haka zai ji tarihin danginsa daga bakin ɗaya ɓangaren, kuma ba lallai ya yi daidai da wanda aka ba shi a Sabon Birni ba, musamman a kan ɓallewar Ɗan Halima. Ya saurara, kada ya yi gardama.

Maraɗi kusa take, tafiyar 'yan mintoci. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta rushe shi aka hau tudu, shi ya sa titunan birnin suke a miƙe kamar an ja su da igiya. Garin alhazai ne, waɗanda suka yi arziki da gyaɗa, daga baya da fataucin kaya tsakaninsu da Kano da Katsina. A shiga babbar kasuwa, a ga fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, a ci kilishi. In tafiyar ta dace da kokawa, to an yi sa'a. A Nijar kokawa wasan ƙasa ce, gasar takobi tun 1975 ake yin ta, tana zagaya jihohi, yawanci a lokacin sanyi, kuma ranar da ake karawa ko'ina ka bi rediyo da talabijin ita suke yi.

Madarunfa tana kudu da Maraɗi kaɗan. Akwai tafki, akwai masunta, akwai kaburburan waliyyai 99 da ake kai wa ziyara. A je da safe a dawo da rana, bayan an tambayi halin da hanya take ciki, domin dajin Baban Rafi ba nisa, kuma masu satar mutane ba su san iyaka ba.

Akwai abin kallo guda da ba a biyan ko dala, wanda manomi zai fi kowa gane shi. Ta tagar mota, tsakanin Maraɗi da Agye da Tasawa, a dubi gonaki. Cike suke da itatuwa, gawo da kalgo da sabara da aduwa, a tsakiyar gero. Ba dasa su aka yi ba. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon kututture idan sun zo sassabe, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran, aikin da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. An ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan 5. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Mutumin Isa da ya ga yadda gatari ya yi wa dazukanmu, ya ga wannan da idonsa, ya sauka ya tambayi mai gona yadda yake yi, to kuɗin motarsa bai tafi a banza ba.

Damagaram kimanin kilomita 235 take gabas da Maraɗi. Ita ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. A unguwar Birni akwai fadar Sarkin Damagaram, da lunguna masu gidajen ƙasa da zanen bango, da manyan duwatsun da garin ya zauna a tsakaninsu. Sarki Tanimun ne ya ɗaukaka daular a ƙarni na 19, ya gina ganuwa, har ana ƙera masa igwa a garin. Unguwar Zango kuma ta fatake ce, inda ayarin Agadas da na Kano suke sauka. Kwana biyu sun isa. A ɗauki ɗan jagora daga wajen fada, a yi ciniki da shi kafin a fara tafiya.

Masauki da kamun kai

Mai masauki ya fi otal, ba don arha kaɗai ba. Shi zai gaya maka unguwar da ba a shiga da dare, shi zai tsaya maka in wani abu ya taso. A sanar da shi tun kafin a taso, a tafi masa da tsaraba, a kuma faɗa masa ranar komawa tun ranar isowa. Wanda ba shi da kowa ya nemi ƙaramin otal kusa da tashar kamfani, za a karɓi fasfonsa a rubuta sunansa, wannan ƙa'ida ce.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma a Ƙonni da Maraɗi da Damagaram da wuya ka gamu da jami'in da ba ya jin ta. Amma allunan hanya da fom da rasit da Faransanci suke, saboda haka kada a sa hannu a takardar da ba a karanta wa mutum ba. A shinge a sauko idan an ce a sauko, a yi sallama, a miƙa takarda, a amsa abin da aka tambaya kawai. Waya ta zauna a aljihu. Ba a ɗaukar hoton soja, ko bariki, ko shinge, ko gada, ko ofishin gwamnati, kuma a halin da ake ciki hoto ɗaya na iya jawo kwana a ofishin jandarma. Hirar siyasa a wurin mai shayi, ta Tiani ce ko ta Tinubu, a bar wa 'yan gari. Kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko da ɗan garinku ne ya ba ka a tasha.

Wajen komowa, ta ƙofar da aka shiga ake fita, a sa a buga hatimin fita, don kada tafiya ta gaba ta zo da tambayoyi. A canza ragowar sefa a Ƙonni ko Illela. A kwana a Sakkwato, da safe a je tasha a ji labarin hanyar Goronyo kafin a shiga mota.